Kilishin da Na Bari a Rumfar Dutse

Ba zan ɓata muku lokaci da yadda na bar gida ba. Wanda ya taɓa yin tafiya ya san kukan, wanda bai yi ba kuma ko na faɗa masa ba zai gane ba. Zan fara daga inda na sauka, filin jirgi na JFK a New York, ina da shekara arba'in da ɗaya, da akwati guda, da wata takarda mai lambar waya. Sunana Zulai, daga wani ƙauye nake kusa da Jibiya, kuma a lokacin ko sunan nan nawa ban iya rubutawa ba.

Hajiya Mariya, wadda ta ce in zo in riƙa yi mata kitso a shagonta na unguwar Harlem, ita ce za ta tarye ni. Ba ta zo ba. Na roƙi mutum uku suka buga mini lambar, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Da na yi awa huɗu a kujera ɗaya, sai na buɗe baki na ce Allah ya isa, da ƙarfi, don na ɗauka babu mai jin abin da nake cewa.

"Wa ya taɓa ki, Yaya?" in ji wani daga bayana.

Na juya na ga wani gajeren mutum mai furfura kaɗan, riƙe da makullin mota. Istifanus ke nan, mutumin Biliri, direban tasi ne da ke jiran fasinja a filin jirgin. Ya duba takardata, ya ɗauki akwatina ya kai ni har ƙofar shagon, ya ƙi karɓar komai. Ya ce in na zama mai kuɗi in saya masa tsire. Tun daga ranar nake ce masa ƙanina, ko da yake ina zargin ya girme ni.

A Harlem na yi shekara uku ina kitso a tsaye har ƙafafuna su kumbura. Abinci akwai, masallaci akwai, Hausa ma akwai iri uku, ta Kano da ta Nijar da ta Zangon Gana. Duk da haka kewa ba ta sake ni ba. 'Ya'yana mata biyu suna gida wajen ƙanwata, kuma duk kan yarinyar da na taɓa sai in tuna cewa wata ce ke tsefe nasu.

Wata rana wata malamar makaranta da nake yi wa kitso ta lura ba na iya karanta sunan man da ke hannuna. Ta tambaye ni sunana da adireshin shagon. Bayan sati biyu wasiƙa ta zo da sunana. Na kai wa Hajiya Mariya. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ɗaure fuska.

"Daga 'yan shige da fice ne," ta ce. "Sun ce idonsu na kanki. Kada ki kuskura ki yi nisa da shago."

Wata bakwai na yi ina ɓoye da takardar nan a cikin lalitata, in na ga ɗan sanda sai in canja hanya. Ranar da Istifanus ya kawo wata fasinja shagon, na ja shi waje na nuna masa. Ya karanta, ya fara dariya, sai ya daina.

"Yaya, makaranta ce ke kiranki. Ajin manya, Asabar da Lahadi da safe. Tun watan Maris suke jiranki."

Na koma ciki na tsaya a gaban Hajiya Mariya, tana tsakiyar kitson wata. Na ce mata, "Ke da kika iya karatu, karanta fuskata." Na ajiye mata matsefinta a kan tebur na fita. Ban zage ta ba, kuma har yau ina ganin na yi ƙoƙari.

Na shiga aji ina da shekara arba'in da huɗu. Hannun da ke iya raba gashi sili-sili ya kasa riƙe fensir. Na yi kuka a bayan gida sau biyu, na wanke fuska na dawo na zauna. Bayan shekara biyu da rabi na samu takardar aikin kula da tsofaffi a gidajensu, aka tura ni St. George, wata unguwa a wani tsibiri da ake zuwa da jirgin ruwa. Kullum in shiga jirgin ƙasa daga Harlem har ƙarshen Manhattan, in hau na ruwa in ƙetare, in hau gangare da ƙafa zuwa wani tsohon gida mai jan bulo.

Mai gidan shi ne Walter, ɗan shekara saba'in da tara, Bature dogo wanda ya yi aikin awon ƙasa duk rayuwarsa. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana jihar Ohio, hannuwansa kuma suna karkarwa har ba ya iya riƙe cokali sosai. Ranar farko na ce masa Baba.

"Sunana Walter," ya ce.

"Na gani a takarda. Amma a garinmu ba a kiran sunan mai irin shekarunka."

"Nan ba garinku ba ne."

"Bakina dai nawa ne, Baba. Buɗe naka ka sha magani."

Muka saba a haka. Ƙafafunsa da sauran ƙarfi, kansa garau, rubutu ne kawai ya gagare shi, don haka na zama hannunsa. Kuma kusan duk abin da yake sa ni rubutawa a kan abu ɗaya ne, wata rumfar dutse da ke cikin gandun dajin gwamnati a duwatsun jihar Virginia.

Ya ba ni labarinta. A zamanin da aka yi wani babban talauci a ƙasar nan, gwamnati ta kwashi samari marasa aiki ta kai su duwatsu, suka yi hanyoyi, suka gina rumfuna don matafiyan ƙafa su riƙa samun wurin fakewa. Uban Baba yana cikinsu, shi ya jera duwatsun wannan rumfar. Baba da matarsa sun yi shekara talatin suna zuwa suna gyara rufinta kyauta. Yanzu kuma hukumar dajin ta aiko masa da gargaɗi. Akwai wata baƙar dabba a dajin da ake kira beya, kamar ƙaton kare mai ƙiba ce, tana iya tsayawa da ƙafa biyu, ƙarfinta ya fi na maza uku. Asalinta tana tsoron mutum. Amma in ta ɗanɗana abincin mutane a wuri, sai ta riƙa dawowa, tsoron ya fita daga ranta. Sau biyu ke nan ana ganin beya a rumfar. Hukuma ta ce in aka sake, za a rufe ta, sannan a duba ko akwai amfanin barinta tsaye ma.

Da hannuna na rubuta wasiƙu huɗu na roƙon kada a rufe. Da hannuna na rubuta cewa laifin masu barin abinci ne. Ina faɗin wannan don kada wani ya ce ban sani ba. Na sani. Amma da na ji ana cewa barin abinci, abin da ya zo mini a rai shi ne ƙazanta, ɓawon ayaba da ragowar burodi a ƙasa, aikin mutanen da ba a koya wa shara ba.

A watan Oktoba 'yarsa ta yanke cewa kafin sanyi ya kankama zai koma wajenta. Baba ya ce sai ya ga rumfar tukuna. Ta yarda da sharaɗin ina tare da shi. Na kira Istifanus, ya ce ya gaji da ganin filin jirgi, dutse ma zai huta da shi. Na shiga shagon wani mutumin Maraɗi a Harlem na sayi guzuri, kilishi da dabino da ƙuli-ƙuli. Muka tashi bayan asuba, muka isa da la'asar, muka kwana a wani ƙaramin otal a gindin duwatsun.

Da safe muka hau da mota har inda hanyar ƙafa ta fara. Tafiyar da Baba ya ce da yana yi a minti arba'in, sai da muka yi kusan awa biyu. Yana gaba da sanduna biyu, ina riƙe da bel ɗinsa ta baya, Istifanus yana biye da mu da takalmin zuwa coci yana haki.

"Yaya, mutanen nan suna da gidaje masu ruwan zafi," ya ce da Hausa. "Me suka ɓatar a nan da suke nema?"

"Tambaye shi mana, ga shi nan."

"A'a, kada ya amsa, hanya ta ƙara tsawo."

Ganye duk ya koma ja da rawaya. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba tun da na baro gida. Sai muka zagaya wani dutse, ga ta nan.

Ƙarama ce, ba ta kai ɗakin girkin Baba ba. Bango uku ne na dutse, gaban a buɗe, babu ƙofa, babu makulli. Ciki akwai dandamalin katako da mutum shida za su iya kwanciya, da murhu a jikin bango. Can gefe, kamar taku talatin, an kafa wata doguwar sandar ƙarfe mai ƙugiyoyi a sama, inda masu kwana ke rataye abincinsu. Baba ya ajiye sandunansa ya dafa bangon da hannu biyu. Na lura hannuwan sun daina karkarwa muddin suna jikin dutsen. Ya nuna mana wani dutse a kusurwa inda ubansa ya sassaƙa harafin farko na sunansa.

"Wa ke da ita yanzu?" na tambaya.

"Wanda ya gaji," ya ce. "Kowa ya zo ya kwana. In ana ruwa, ko ta cika sai a matsa wa wanda ya zo. Ba a mayar da kowa."

Wannan magana ce ta kayar da ni. Shekara bakwai ina ƙasar nan, ko'ina ƙofa, ko'ina makulli, ko gaisuwa sai ka buga waya ka nemi izini. Ashe suna da wuri irin wannan a ɓoye a bayan dutse. Na tuna Inna, mahaifiyata. A bakin hanyar da ta bi ta gefen gonarmu, Inna tana da wata rumfar kara da randa a ƙarƙashi. Kullum da safe sai ta cika randar, ta ajiye gyaɗa ko ɗan dabino a ƙwarya ta rufe da faifai. Ba ta jira ta ga wanda zai ci. Ta ce mini sadakar da ba ka ga fuskar mai cinta ba ita ta fi tsarki, kuma abin kunya ne baƙo ya sauka a inuwarka ya tashi da yunwa. Inna ta rasu ina Harlem, ban ga gawarta ba.

Baba ya tafi nuna wa Istifanus idon ruwan da ke ƙasa kaɗan. Na buɗe jakata na ciro kilishin da rabin dabinon, na naɗe da takarda, na sa a leda na ƙulle da kyau. Na hau dandamalin na tura ƙunshin kan wani dutse da ya ɗan fito a ƙarƙashin rufi, inda na ga kare ba zai kai ba. Na yi wa Inna addu'a. Ko kaɗan ban ji na yi laifi ba. A ganina wannan kyauta ce a ƙulle, sama da ƙasa, babu abin da ya haɗa ta da shara. Ban faɗa wa kowa ba, don ba a tallar sadaka.

Mun sauko wajen mota bayan azahar. Na yi salla a gefen hanya, Baba ya zauna a kujerar gaba yana murmushi shi kaɗai. Istifanus ya buɗe jakar guzuri yana lalube.

"Yaya, ina kilishin nan? Tun New Jersey nake yi masa tanadin ciki."

"Na bar wa matafiya."

"A ina?"

"A rumfar mana."

Ya yi dariya, ya juya ya faɗa wa Baba da Turanci, yana ganin abin yabo ne. Na ga murmushin ya bar fuskar Baba. Bai ɗaga murya ba.

"Nama?" ya ce.

"Busasshe ne, Baba. Na ƙulle shi a leda, na sa a sama."

"Zulai, beya tana jin warin nama daga bayan wancan dutsen. Ƙofar mota tana iya ɓallewa." Ya dube ni. "Ke kika rubuta wasiƙun."

A lokacin ne abubuwa biyun da na raba a kaina suka haɗu. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, har da ta ranar da na gane wata bakwai ina tsoron takardar makaranta.

Istifanus ya ce shi zai koma. Na ce da wannan takalmin sai gobe zai isa, kuma ni na ajiye, ni zan ɗauko. Ya zauna da Baba. Baba ya ba ni sandarsa ɗaya ya ce in na ga beyar kada in gudu, kada in juya mata baya, in yi magana da ƙarfi in ja da baya a hankali.

Na hau a cikin awa guda, gwiwoyina suna kuka. Tun kafin in zagaya dutsen na ji ƙarar leda.

Beyar tana cikin rumfar, a kan dandamalin da na taka, ta cika rabin wurin. Ta tsaga ledar, tana lasar takardar. Na tsaya kamar taku ashirin daga gare ta. Baba ya ce in yi magana, to Turancina duk ya gudu, sai Hausa.

"Ke, fita," na ce. "Fita, marar kunya. Don ke aka ajiye? Matafiyiya ce ke? Ubanki ne ya jera duwatsun?"

Ta ɗago kai ta dube ni, barkono ya sa tana atishawa. Sai ta mayar da kai ta ci gaba da ci. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, don na tuna abin da na rubuta, cewa wadda ba ta gudu in ta ga mutum ta riga ta lalace. Na yi ta buga sanda a kan dutse ina faɗa mata maganganun da ban faɗa wa Hajiya Mariya ba. Sai da ta cinye tas ta sauko, ta shinshina murhu, ta bi ta bayan rumfar ta shiga daji a hankali, kamar mai niyyar dawowa.

Na jira har na daina jin motsinta. Na tsince ledar da takardar da ƙwallayen dabino, na share dandamalin da ganye. Cikin minti goma babu wata alama. Na tsaya ina kallon wurin, na ce wa kaina babu wanda ya gani sai ni da Allah. In na yi shiru, rumfar Baba tana nan.

Sai ga wasu 'yan mata biyu sun ɓullo ta ɗaya hanyar, da manyan jakunkuna a baya. Ba su wuce sa'annin 'ya'yana ba. Suka gaishe ni da fara'a, ɗayar ta sauke jakarta a kan dandamalin ta ce ƙafarta ta mutu, yau ko an biya ta ba za ta ƙara taku ɗaya ba.

"Nan za ku kwana?" na ce.

"Nan."

Na dubi katakon da za ta shimfiɗa bargonta. Man kilishi ya shiga jikinsa, ni ma ina jin warin. Ban daɗe ina shawara ba, amma ba zan ce ban yi ba.

"Kada ku kwana a nan," na ce. "Beya ta tashi daga inda kike zaune yanzun nan. Ta ci nama a nan, za ta dawo."

"Wane mahaukaci ne ya bar nama a nan?"

"Ni ce."

Suka duba taswirarsu, suka ce akwai wurin kafa tanti gaba, za su kai kafin rana ta faɗi. Wadda ƙafarta ta mutu ta ɗauki jakarta ba ta ƙara kallona ba. Ɗayar ta ɗan tsaya, ta ba ni ruwa daga gorarta.

Istifanus ya tare ni a bakin hanya, nesa kaɗan da motar. Na faɗa masa.

"Yaya, saurara," ya ce a hankali. "Ki nuna masa ledar, ki ce kin same shi lafiya kin cinye a hanya. Tsohon nan saura wata biyu ya koma wajen 'yarsa. Bar shi ya tafi da farin cikinsa."

"Gobe wasu za su zo su kwana."

"Gobe ba mu nan."

"Ƙanina, da 'yarka ce za ta zo goben fa?"

Ya kawar da kai, ya ce shi dai direba ne.

Na tsaya a bakin tagar Baba na faɗa masa duka, har da 'yan matan.  Na ga yana lissafin da na yi a sama, kuma na san ya fi ni abin da zai rasa.

"Ta gudu da ta gan ki?" ya ce.

"Ba ta gudu ba."

Ya rufe ido. "Kai mu ofishin masu gadin daji," ya ce wa Istifanus.

Wata mata muka samu a ofishin, mai kaki da gilashi, ta san Baba, har ta taso ta rungume shi. Ya ce mata, "Mun bar abinci a rumfar yau, beya ta samu."

"Ba mu ba," na ce. "Ni kaɗai. Bai sani ba."

Ta tambaye ni dalili. Na ba ta labarin randar Inna da Turancina na ajin manya. Ta saurara har ƙarshe, ta ce mahaifiyarki mutuniyar kirki ce. Sannan ta ce daga yau rumfar a rufe take, za ta tura mutum ya kafa sanarwa kafin duhu. Beyar kuma za su kama ta su kai ta nesa, in ta ci gaba da neman mutane sai dai a harbe ta. Wannan ban taɓa sa shi a lissafi ba, cewa dabbar ma na cuce ta.

"Rufin fa?" in ji Baba. "Za a bar shi?"

"Ba ni ke yankewa ba, Walter," ta ce.

Washegari muka kama hanyar New York. Duk tsawon hanyar Baba bai ce mini uffan ba. In na miƙa masa magani ya karɓa ya sha, ya mayar da fuska taga. Istifanus ya kunna rediyo, ya kashe.

Na yi tsammanin zai sa a canja ni. Bai sa ba. Na ci gaba da ƙetare ruwa kowace safiya, ina yi masa wanka, ina dafa masa abinci, ina shirya kayansa a kwali. Yana yi mini magana a kan abin da ya zama dole. Na yi ta tunani a cikin jirgin ruwan nan. Inna ba ta yi kuskure ba, a bakin hanyarmu babu abin da ke zuwa wa ƙwarya sai tururuwa da ɗan Adam. Ni ce na ɗauko hannunta na kawo inda ba a san shi ba, ban tsaya na tambayi masu wurin yadda suke tasu kyautar ba. Tasu ita ce ka tashi ka bar wurin kamar ba ka zo ba. Na iya karatu a makare, na ɗauka daga nan na gama zama jahila.

'Yarsa ta zo ɗaukarsa a farkon Disamba. Da aka gama loda mota, na durƙusa a gaban kujerarsa. Ya tambaye ni me na yar a ƙasa.

"Ba abin da na yar, Baba. A wajenmu ba a rabuwa sai an nemi gafara, don ba a san wanda zai riga wani ba. Ka yafe mini."

Ya dube ni da idanun nan nasa masu ruwan toka. Baba ba ya faɗin abin da ba ya nufi, shi ya sa muka jitu tun farko.

"Abin da kika faɗa wa 'yan matan nan, babu abin yafewa a ciki," ya ce. "Da kin yi shiru, da ban sake barin ki shigo gidana ba. Naman kuwa, ban kai ba tukuna."

"To, zan jira."

"Kina iya daɗewa."

"Na saba."

Yanzu wata tsohuwa nake kula da ita a unguwar Queens. Kowace Lahadi da yamma ina buga wa Baba waya. Yana ba ni labarin dusar ƙanƙara da abincin 'yarsa da ba shi da gishiri, ni kuma in yi masa faɗa a kan magani. Kafin mu ajiye yakan ce ya kira ofishin dajin, rufin yana nan, sanarwar ma tana nan. In ce to. Sai in kasa kunne ko yau zai ce ya yafe mini naman. Sannan ya ce, "Sai Lahadi, Zulai," in ce Allah ya kai mu.